Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Mu Auna Ayyukan Ikilisiya da Yawan Masu Hidima

Jawabin da aka gabatar wa fastoci, dattawa da shugabannin ƙungiyoyi na ƙananan ikilisiyoyin da ke yankin noman rani na Kura da Bunkure, Jihar Kano.

  Mun sani da yawa a cikinku sun bar aiki a gona domin su zo wannan zama, wasu ma yau ne layin ban ruwansu. Ubangiji ya sāka muku da alheri.

Kan maganarmu shi ne yadda za mu daidaita yawan ayyukan ikilisiya da yawan mutanen da za su iya riƙe su. Wuraren karatunmu uku ne: Fitowa 18:13-26, Luka 14:28-30, da Ayyukan Manzanni 6:1-7. Muna roƙo kowa ya sake karanta su a gida tare da iyalinsa.

HALIN DA MUKE CIKI

Ikilisiyoyinmu a wannan yanki ƙanana ne. Ko ECWA ce, ko Angilikan, ko Baftis, ko Katolika, ko HEKAN, in ka shiga majami'ar ƙauye ran Lahadi za ka iya ƙirga manya da ido ba tare da ka tashi daga kujera ba. Amma in magatakarda ya miƙe zai karanta sanarwa, sai ka yi tsammani kana wata babbar majami'a ce a Sabon Garin Kano ko a Jos. Akwai Makarantar Lahadi, ajin baftisma, Zumuntar Mata, Zumuntar Maza, Zumuntar Matasa, ƙungiyar mawaƙa, Sabon Rai, Birged na maza da na mata, kwamitin gini, kwamitin bishara, da kwamitin godiyar kaka. Goma sha biyu ke nan, ba mu sa sujadar Lahadi da addu'ar tsakiyar mako a ciki ba.

Bari mu yi lissafi da misali. A ce ga ikilisiya mai manya 40 a rajista. Mu cire tsofaffi da marasa lafiya, a ce mutum 6. Mu cire matasan da sunansu yana nan amma su suna Kano ko Zariya ko Kaduna wajen karatu da neman abinci, a ce 9. Mu cire mata masu jego da masu jinyar wani a gida, a ce 5. Mu cire ma'aikatan gwamnati da suke komawa wurin iyalinsu kowane ƙarshen mako, waɗanda kuma takardar canjin wurin aiki za ta iya ɗauke su kowace rana, a ce 4. Saura nawa? Saura 16. To, kowace ƙungiya tana son shugaba, mataimaki, magatakarda, ma'aji da mai kula da addu'a. Ƙungiya 12 sau kujera 5, kujera 60 ke nan a kan mutum 16. Ashe kowane mutum guda yana riƙe da muƙami kusan huɗu.

Kowa a nan ya san irin wannan ɗan'uwa. Shi ne malamin Makarantar Lahadi, shi ne mai kiɗan ganga, shi ne ma'ajin matasa, shi ne kuma mai fassara in baƙo ya zo wa'azi da Turanci. Kowa ya san irin wannan uwa: ita ce shugabar Zumunta, ita ce mai share majami'a, ita ce mai dafa wa baƙi, ita ce mai gai da marasa lafiya. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ɗayansu, ayyuka huɗu ne suke kwantawa tare da shi. Ranar da ya gaji ya ja da baya, sai mu ce bangaskiyarsa ta yi sanyi, alhali mu ne muka yi masa lodin da jaki ma zai durƙusa.

Asarar ba a kan mai hidima kaɗai take tsayawa ba. Yara suna zuwa Makarantar Lahadi su tarar malami yana wajen koyon waƙa, sai su yi wasa su watse. Gwauruwa tana kwance mako uku ba wanda ya leƙa ta, domin kowa yana zaton aikin wani kwamiti ne. Sabon tuba yana jiran ajin baftisma wata shida ba a fara ba. Babbar ikilisiya a birni in ta rasa iyali guda ba za ta ji a jikinta ba. Mu kuwa, in iyali guda ya sulale, wani lokaci kashi ɗaya ne cikin goma na jama'armu ya tafi. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

DARASI DAGA RUWAN TIGA

Ba sai mun je nesa neman misali ba, ga shi nan a bakin gonakinmu. An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama a 1974. An tsara ta ne domin ta riƙe ruwa kusan mita biliyan biyu mai murabba'i uku. Daga can ruwan yake gangarowa da kansa ta babban kanal, ba tare da injin turawa ba, ya rarrabu zuwa ƙananan hanyoyi har ya kai fangalin manomi a Bunkure, Kura da Garun Malam. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce take kula da shi. Kashin farko na shirin an tsara shi a kan hekta 22,000, amma shekaru da dama abin da aka gyara aka kai wa ruwa bai wuce wajen hekta 15,000 ba. Abin da ke takarda daban, abin da ruwa ya taɓa daban.

Manomin rani ya san abubuwa huɗu da ya kamata dattijon ikilisiya ya sani.

Na fari, ba girman fili ne yake yanke yawan shuka ba, ruwa ne. Mai hankali yana duba ruwan da zai samu kafin ya yanke yawan fangalin da zai dasa. Wanda ya dasa eka uku da ruwan eka ɗaya, ba zai girbi eka ɗayan ba ma, domin duka za su yi yaushi tare.

Na biyu, in aka buɗe dukan ƙofofin ruwa a lokaci guda, na kan gaba ne za su sha, na ƙarshen kanal su tashi da ƙura. Shi ya sa ake bin layi, yau wannan sashe, gobe wancan. A ikilisiya ma akwai na ƙarshen kanal. Su ne yara, gwauraye, marasa lafiya da sababbin tuba. Ba su da murya a taron kwamiti, saboda haka in ƙarfin masu hidima ya ƙare a hanya, su ne ba ya kai wa.

Na uku, waɗanda suka tsara wannan aiki sun gina tafkunan ajiya inda ruwa yake taruwa da dare domin a yi ban ruwa da rana. Sun san ba za a yi ta ɗiba ba tare da an bar wurin ya cika ba. Mai hidima ma yana bukatar daren da zai cika: lokacin da zai zauna ya ji wa'azi kamar kowa, ya yi addu'a da iyalinsa, ya huta.

Na huɗu, kanal da ba a yashewa, yashi da kacala sukan cinye shi. In za a yi gyara, dole a rufe ruwa na ɗan lokaci, ko da manoma za su yi gunaguni. Rufewar nan domin amfanin baɗi ne.

Ga wani misali kuma a Kadawa. Kamfanin sarrafa tumatur na Dangote da aka buɗe a 2016 an gina shi domin ya niƙa tan 1,200 a rana. A wannan shekara ce tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye tumatur a yankin nan, kamfanin ya tsaya saboda rashin abin niƙa, daga baya ma ya yi ta buɗewa yana rufewa. Injin yana da kyau, ginin yana da kyau, amma abin da zai ciyar da shi bai kai ba. Haka ƙungiyar da take da tsarin mulki da yunifom da suna mai daɗi, amma babu mutanen da za su riƙe ta.

RANI YA DAINA ZAMA LOKACIN HUTU

Akwai wani abu da ya keɓanta da yankinmu wanda ya kamata mu faɗa a fili. Yawancin tsarin shekara da muka gāda an yi shi ne domin manomin damina. A ƙauyukan iyayenmu, da an kai dawa da gero rumbu, aiki ya ƙare sai wata damina. Saboda haka aka jibge manyan ayyukan ikilisiya a rani: fita bishara, ajin yaƙi da jahilci, taron mata, taron matasa, ginin majami'a, bukukuwan aure. A lokacin, tsarin ya yi daidai ƙwarai.

Amma tun da ruwan Tiga ya zo, manomin Kura da Bunkure ba shi da rani irin wancan. Ku duba shekararmu. A Yuni da Yuli ana rainon irin shinkafa da dashe. A Oktoba da Nuwamba ana yankan shinkafa da bugu, a lokaci guda kuma ana dashen tumatur da albasa. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ana shukar alkama, wadda in ta wuce lokacin sanyi an yi asara. Daga Janairu har Afrilu ana tsinkar tumatur ana kai wa Kwanar Gafan, kuma tumatur ba ya jiran kowa, in ya nuna yau, jibi ya ruɓe. A Maris ana girbin alkama. Matanmu kuma suna cikin turara shinkafa da yankan kauɗa da aikin ƙwadago a gonaki.

To, yaushe muke sa godiyar kaka da shirin Kirsimati da manyan tarurruka? Nuwamba da Disamba. Yaushe muke sa fita bishara da shirin Ista? Fabrairu zuwa Afrilu. Wato daidai lokacin da hannun kowa yake cike. Mutum 16 ɗin nan da muka lissafa, a waɗannan watanni da ƙyar za ka sami rabinsu. Sai mu hau mimbari mu yi musu faɗa a kan son abin duniya, alhali kuwa da wannan tumatur ɗin ne za su biya kuɗin makarantar yara, su fitar da zakka, su riƙe fasto.

Ba mu ce a ɗaga Kirsimati ko Ista ba, kuma ba mu ce gona ta hana kowa sujadar Lahadi ba. Ranar Ubangiji tana nan a matsayinta. Abin da muke cewa shi ne, ayyukan da ikonmu ne mu sa musu rana, mu sa su inda mutane suke da sarari. A yawancin ƙauyukanmu akwai ɗan sauƙi a bazara bayan an kwashe tumatur da alkama, akwai kuma wani a Agusta zuwa Satumba bayan an gama ciran shinkafa, lokacin da ɗalibai ma suke gida hutu. Kowace ikilisiya ta duba nata, domin mai noman shinkafar rani lissafinsa dabam ne.

Wanda ya yaɗa Makarantar Lahadi a Ingila, Robert Raikes, ya fara ta a garin Gulosta a 1780. Yaran da ya tara suna aiki kwana shida a mako, Lahadi kaɗai suke da ita, shi ya sa ya sa makarantar a ranar. Ya duba lokacin da yaran suke da shi, ya gina aikin a kai. Ƙungiyar Birged kuma William Smith ya kafa ta a birnin Gilasgo a 1883, inda akwai yara birjik da manyan da za su horar da su. Abu ne mai kyau, amma ba doka ba ce cewa ikilisiya mai samari huɗu sai ta yi kamfanin Birged da hafsoshi biyar.

ABIN DA MAGANAR ALLAH TA KOYA MANA

A Fitowa sura 18, Musa yana zama shi kaɗai yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma. Surukinsa Yetro ya duba ya gaya masa gaskiya, cewa wannan hanya za ta gajiyar da shi, ta gajiyar da jama'ar ma. Ku lura, Musa bawan Allah ne, aikin da yake yi kuma mai kyau ne, duk da haka tsarin bai yi daidai ba. Shawarar Yetro kashi biyu ce: Musa ya tsaya a kan abin da shi kaɗai zai iya, sauran kuma a raba wa amintattun mutane, wasu a kan dubu, wasu ɗari, wasu hamsin, wasu goma. Akwai mutumin da ba zai iya da ɗari ba amma zai iya da goma. Kowa aka ba shi daidai ƙarfinsa.

A Luka sura 14, Ubangiji ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafi ko yana da abin gamawa, don kada ya sa harsashi ya kasa, masu wucewa su yi masa dariya. Misalin a kan tsadar zama almajiri ne, amma ya nuna mana cewa Ubangiji bai ɗauki lissafi a matsayin rashin bangaskiya ba. Mu da muke zaune a tsakiyar maƙwabta masu lura da mu, aikin da muka fara da ganga muka bari a hanya shaida ce marar kyau.

A Ayyukan Manzanni sura 6, an yi gunaguni domin ana mantawa da gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci. Ga na ƙarshen kanal ke nan tun a ikilisiyar farko. Manzanni ba su ce za su ƙara wannan a kan nasu ba. Sun ce su za su tsaya a kan addu'a da hidimar Magana, jama'a kuma su zaɓi mutum bakwai domin wannan aiki. Bukata ce ta fara bayyana, sa'an nan aka nemi mutane, sa'an nan aka kafa aiki. Mu kuwa sau da yawa mukan fara kafa ƙungiya, mu zo muna farautar wanda za mu ɗora a kai.

Tarihinmu ma ya nuna haka. Likita Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905 da abokan aiki 'yan kaɗan. Ya sa ƙarfinsa a kan ƙaramar makarantar yara, da magani, da fassara. Daga wannan naci ne, tare da taimakon wasu, aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, daga makarantar kuma aka sami mutanen da suka riƙe Wusasa. Ayyuka kaɗan da aka riƙe da kyau, ga shi har yau muna cin amfaninsu.

SHAWARWARI GA DATTAWA

1. Mu ƙirga hannuwa kafin mu ƙirga ayyuka. Kafin a tsara shekara, dattawa su zauna da rajista, su bi suna ɗaya ɗaya. Wa yake nan a gari? A waɗanne watanni yake da sarari? Me yake iyawa, me kuma yake so ya yi? A tambayi mutum da bakinsa, kada a yanke masa a bayan ido. A tambayi mace ita ma, a kuma ji ta bakin maigidanta, domin kada hidima ta zama sanadin rigima a gida.

2. Mu raba ayyuka kashi uku. Kashi na farko, waɗanda in babu su babu ikilisiya: sujada da wa'azin Magana, Jibin Ubangiji da baftisma, addu'a, koyar da yara da sababbin tuba, da kula da marasa lafiya da gwauraye. Waɗannan a fara ba su mutane, kuma mafi ƙwazo. Kashi na biyu, waɗanda suke da amfani in akwai mai yi. Kashi na uku, waɗanda muke yi kawai domin mun tarar ana yi, ko domin ikilisiyar birni tana yi.

3. Koyar da yara ya zo gaba. A yawancin makarantun da 'ya'yanmu suke zuwa babu malamin addinin Kirista, saboda haka abin da yaro bai samu a gida da Makarantar Lahadi ba, ba shi da inda zai same shi. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa wasa da makarantar allo da Islamiyya, safe da yamma, damina da rani. Wannan naci abin koyi ne. In ikilisiya tana da malamai biyu kaɗai masu iya koyarwa, kada a ba mawaƙa ɗaya a ba kwamitin gini ɗaya a bar yara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

4. Mutum ɗaya, babban aiki ɗaya, da ƙarami ɗaya in ya yarda. In aka bi wannan ƙa'ida aka ga wata kujera ba ta da mai zama, a bar ta a fili kowa ya gani. Kujerar da ba kowa a kai tana kiran sabon mutum. Kujerar da gajiyayye ya riƙe da suna kawai tana rufe ƙofa.

5. Mu haɗa abin da zai haɗu. Inda maza ba su da yawa, Zumuntar Maza da kwamitin gini za su iya zama abu guda. Matasa da mawaƙa da Sabon Rai, in mutanen su ne su ɗin dai, su yi taro ɗaya da shugabanci ɗaya, su raba makonni: wannan mako waƙa, mako mai zuwa nazari, na gaba fita ziyara. Ƙungiya mai mutum takwas shugaba da ma'aji sun ishe ta. Kuɗi dai kada a bar shi a hannun mutum ɗaya ba mai dubawa.

6. Mu yi layi kamar na ban ruwa. Kowane aiki a sa mutum biyu, kamar yadda Ubangiji ya aiki almajiransa biyu biyu, domin in ɗaya yana tsinkar tumatur ɗayan ya riƙe. Kowane muƙami kuma a sa masa wa'adi, shekara ɗaya ko biyu. Mutum ya fi saurin amsa aiki in ya san ranar sauka.

7. Mu yarda wani aiki ya huta. A sanar a gaban jama'a cewa ƙungiya kaza za ta dakata daga Nuwamba zuwa Afrilu, ko kuwa sai an sami mai riƙe ta. A yi addu'ar godiya domin waɗanda suka yi hidima a ciki. Wannan ya fi a bar ta ta mutu a hankali ana zargin juna.

8. Ikilisiyoyi maƙwabta su yi gayya. Abin da ikilisiya ɗaya ba za ta iya ba, uku za su iya: ajin baftisma guda, horon malaman Makarantar Lahadi guda, makarantar hutu ta yara a Agusta lokacin da ɗalibanmu suke gida, fita bishara guda a bazara. Inda koyarwar ɗariku ta bambanta, kowa ya riƙe nasa, amma ziyarar asibiti da taimakon gwauraye da ajin karatu ba su da ɗarika. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

9. Kowane mai aiki ya riƙe hannun wani. Manzo Bulus ya umarci Timoti ya danƙa abin da ya koya ga amintattu waɗanda su ma za su koya wa wasu. Shirin Sabon Rai Don Kowa da ya taso a farkon shekarun 1960 ya yi ƙarfi ne domin ya dogara ga talakan mai bi da ƙananan taron addu'a a gidaje. Akwai tsohuwar da ba ta iya karatu ba amma ta iya ba yara labarin Yusufu da Dauda har su riƙe. Akwai saurayin da bai iya magana a gaban jama'a ba amma yana da babur da zai kai dattijo gai da marar lafiya. Ta haka ne 16 take zama 20.

AMSA GA MASU DAMUWA

Wani dattijo zai ce, wannan ba ja da baya ba ne? Ina bangaskiya? Muna amsawa da ladabi cewa Ubangiji ya umarce mu mu roƙi Ubangijin girbi ya aiko da ma'aikata, kuma za mu ci gaba da roƙo. Amma bai ce mu kashe 'yan kaɗan da ya riga ya ba mu ba. Shi da kansa, a Markus sura 6, ya janye almajiransa gefe domin su huta sa'ad da jama'a suka hana su ko cin abinci.

Wani zai ce, ai daga sama ake tambayar rahoton kowace ƙungiya, ga kuma kuɗin da ake yanka wa kowacce. Gaskiya ne. Muna roƙon iyayenmu na gunduma da na dayosis su dubi ƙananan ikilisiyoyi da idon rahama, su yarda da rahoto ɗaya na haɗin gwiwa, su kuma tambayi manoma kafin su sa ranar taro. Mu kuma mu rubuta gaskiya. Kada mu cika takarda da sunayen ƙungiyoyin da rabonsu da zama tun bara, domin shugabanni ba za su iya taimakon abin da aka ɓoye musu ba.

Wata uwa za ta ce, in aka dakatar da ƙungiyarmu, ai an raina mu ke nan. Shi ya sa ba a yin wannan da umarni daga mimbari. A zauna da mutanen, a nuna musu lissafi, a ji shawararsu. Sau da yawa za ku tarar su ma sun daɗe suna son sauƙi, kunya ce ta hana su faɗa. Zumuntar Mata kuwa, a yawancin ikilisiyoyinmu ita ce ƙashin baya, abin da take bukata shi ne a rage mata lodin da maza suka sauke a kanta.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, aikin da muke bar muku ƙarami ne. Kafin taron dattawa na gaba, kowace ikilisiya ta ɗauki takarda ta ja layi a tsakiya. A hannun dama a rubuta dukan ayyuka da muƙamai, a hannun hagu a rubuta sunayen waɗanda suke nan da gaske, da watannin da kowa yake da sarari. A karanta wa jama'a, a yi addu'a a kai, sa'an nan a yanke abin da za a riƙe, abin da za a haɗa, da abin da zai huta. In muka sake haɗuwa, kowa ya zo da takardarsa mu koya daga juna.

Nehemiya ya gama garun Urushalima cikin kwana 52 domin an raba aikin, da yawa kuma sun gyara sashen da ke daura da gidajensu. Ubangiji ba zai tambaye mu yawan ƙungiyoyin da muka rubuta a allo ba. Zai tambaye mu yaran da ya ba mu, da gwaurayen da ke cikinmu, da ma'aikatan da ya danƙa a hannunmu.

Ubangiji ya ba dattawanmu hikima, ya sabunta ƙarfin waɗanda suka gaji, ya tā da sababbin masu hidima a cikinmu, ya sa albarka a gonakinmu, ya kuma zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.